Kabonet, afatayit ko silikon kabayid: wane tangaran ne zai riƙe kabon-14?

Idan sandunan yuraniyom sun gama aiki a tukunyar nukiliya aka kai su masana'antar sake tacewa, irin ta La Hague a Faransa, ana daddatsa su guntu-guntu a zuba cikin asid ɗin naitirik mai zafi. Yuraniyom da fulutoniyom su narke su zauna cikin ruwan. Wasu abubuwa huɗu kuwa ba sa zama gaba ɗaya, duka ko wani kasonsu sama yake yi ya bi bututun hayaƙi: tiritiyom, kiriftan-85, aidin-129 da kabon-14. Na ƙarshen nan yana fita ne galibi a matsayin iskar CO2, da ɗan CO kaɗan. Mutanen Arlit da Akokan ba baƙi ba ne a wannan zance, domin yuraniyom ɗin da aka yi shekaru ana haƙowa a can ya ciyar da tukwanen Faransa, kuma sandunan da suka gama aiki a tukwanen Faransa La Hague ake kai su.

Kabon-14 ba ya cikin yuraniyom tun asali. Yana samuwa ne idan niyutiron ya bugi naitirojin-14 da ya maƙale cikin sandunan tun wajen ƙera su, ko ya bugi oksijin-17 da ke cikin yuraniyom oksayid ɗin kansa. Tururinsa mai rauni ne ƙwarai, ba ya keta ko sulusin milimita na ruwa. Illarsa tana wani wuri daban. Kabon ne kamar kowane kabon, ganye zai shaƙe shi, ya shiga hatsi, ya shiga nono, ya shiga jikin mutum, kuma sai ya shekara 5,730 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Kafin ya koma kashi ɗaya cikin dubu na yadda ya fara, sai an ƙirga shekara kusan 57,000. Wannan shi ne wa'adin da ake auna duk wani abin da aka ce zai ɗaure shi.

Gilas, wanda ake zuba sauran dagwalon mai zafi a ciki, ba ya shiga wannan gasa. Ana narka shi a wajen digiri 1,100, kuma a wannan zafin kabonet, wato gishirin da ke riƙe da CO2 kamar na farin dutse, yana sakin iskarsa ta gudu. Saura hanya uku da ake muhawara a kansu: a bar kabon ɗin a matsayin kabonet, ko a cusa kabonet ɗin cikin ƙashin wani ma'adini kamar afatayit, ko a raba shi da oksijin gaba ɗaya a haɗa shi da silikon.

Lissafin da ya kamata a fara yi

Bekerel shi ne ma'aunin ƙarfin tururi, terabekerel ɗaya kuma gigabekerel dubu ne. Giram ɗaya na tsantsar kabon-14 yana da ƙarfin gigabekerel 165. Wato terabekerel ɗaya giram shida ne kacal. A ɗauka masana'anta tana kama terabekerel 20 a shekara, giram 120 ke nan, abin da bai cika kofin shayi ba. Zafin da yake fitarwa kuma bai wuce miliwat 1.3 a kowane giram ba, don haka maganar zafi ba ta taso ba sam.

To me ya sa ake cika duro-duro? Saboda iskar gari. Ana hura iska cikin tukunyar narkarwa, wata kuma tana kutsawa ta mahaɗan bututu tun da ana riƙe cikin na'urar a matsin da ya gaza na waje. Iskar gari tana ɗauke da CO2 kusan kashi 420 cikin miliyan, kuma abin wanke hayaƙi ba ya bambance wanda ya zo daga sanduna da wanda ya zo daga waje. A ɗauka iska mita kubik 1,000 ce ke wucewa kowace awa. Cikinta akwai CO2 kimanin giram 750. A awa 8,000 na aikin shekara, kabon ɗin da za a tara ya kai tan 1.65, alhali mai illar giram 120 ne a ciki, kusan ɗaya cikin 14,000. Duk wanda zai zaɓi tangaran, wannan tan 1.65 zai ɗaure, ba giram 120 ba. Shi ya sa gyaran da ya fi kowane araha yake can baya: a tace CO2 daga iskar da ake hurawa kafin ta shiga, a toshe wuraren da iska ke kutsawa. Masana'antar da ba ta yi wannan ba, kowane tangaran ta ɗauka asarar kuɗi za ta yi wajen gasa iskar Allah.

Da wannan misalin za a iya jera su. Kalsayit, wato kalsiyom kabonet (CaCO3), ma'adinin farin dutse, kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa kabon ne, don haka za a samu tan kusan 14, mita kubik biyar idan an matse shi tsaf. Bariyom kabonet kashi 6 ne, tan 27, mita kubik shida da ɗoriya. Afatayit mai kabonet kashi 8 cikin ɗari kabon ɗinsa kashi 1.6 ne kawai, tan sama da 100, mita kubik 33. Silikon kabayid kashi 30 ne, tan biyar da rabi, bai kai mita kubik biyu ba. Idan girma kaɗai ake dubawa an gama magana. Amma girma shi ne mafi ƙanƙantar abin dubawa.

Kabonet: hanyar da aka riga aka taka

Kama iskar ba wuya. Ana fara wanke hayaƙin da ruwa don cire iskokin naitirojin oksayid, domin idan aka bar su za su cinye sodar banza su bar gishirin naitiret. Idan akwai CO, a bi da shi ta kan sinadarin da zai ƙone shi ya koma CO2, saboda soda ba ta kama CO. Daga nan hayaƙin ya hau wata doguwar hasumiya da ake kwararo ruwan kastik soda daga samanta, irin sodar da masu sabulu ke amfani da ita. Abin da ke taruwa a ƙasa sodiyom kabonet ne, ɗan uwan kanwa, kuma kowa ya san yadda kanwa take narkewa a ruwa. Dole a sauya masa abokin zama.

Masana'antar THORP ta Sellafield a Ingila, wadda ta yi aiki daga 1994 zuwa 2018, bariyom ta zaɓa. Ana zuba ruwan bariyom naitiret cikin ruwan sodar, nan take ruwan da yake garau ya yi fari fat kamar an zuba madara, garin bariyom kabonet ya soma kwanciya a gindin tanki. A tsiyaye ruwan sama, a kwaɓa laka da siminti, a zuba cikin duron ƙarfe marar tsatsa mai cin lita 500. Dalilin son bariyom a fili yake: gishirinsa yana narkewa sosai, bariyom naitiret kusan giram 90 a lita, bariyom haidiroksayid kusan 39, alhali kalsiyom haidiroksayid bai kai giram biyu a lita ba. Aiki da ruwa garau ya fi sauƙi a kan aiki da kunun farar ƙasa mai toshe bututu, musamman a ɗakin da mutum ba ya shiga sai dai ya sarrafa komai daga bayan bango.

Sai dai bariyom yana da aibi biyu. Na farko guba ne, shi ne ake sa wa a wani nau'in maganin ɓera, don haka ko bayan kabon-14 ya mutu, bariyom yana nan. Na biyu ya fi muhimmanci. Bariyom ya fi ƙaunar salfet a kan kabonet. Bariyom kabonet yana narkewa kimanin miligiram 20 a lita, bariyom salfet kuwa miligiram biyu da ɗoriya. Duk inda ruwa mai salfet ya taɓa bariyom kabonet, bariyom zai saki kabonet ya rungumi salfet, kabon-14 ya shiga ruwa. Ruwan teku yana da salfet giram 2.7 a lita, ruwan da ke cikin duwatsun yumɓu da yawa yana da shi, siminti kansa ana niƙa shi da jifsam kashi uku zuwa biyar. Abin da ke ceton duron Sellafield shi ne kabonet ɗin da ya kuɓuce yana faɗawa hannun kalsiyom ɗin siminti, ya koma kalsayit ko ya shiga ma'adinan aluminet na simintin. Ma'ana, a ƙarshe kalsiyom ne ke riƙon, bariyom ɗan rakiya ne. Duk wanda ya matse bariyom kabonet ya yi tangaran tsirara ya binne shi inda ruwa ke da salfet, ya yi babban kuskure.

Kalsayit ba shi da wannan matsala, domin kalsiyom salfet ya fi kalsiyom kabonet narkewa nesa ba kusa ba. Ana samunsa ta hanyar zuba kalsiyom haidiroksayid cikin ruwan sodar, kuma wannan yana dawo da kastik soda a sake amfani da ita. A ruwa zalla yana narkewa miligiram 13 zuwa 14 a lita. A ruwan da ya ratsa siminti, wanda ya ƙoshi da kalsiyom kuma pH ɗinsa, wato ma'aunin asid da alkali, yake 12.5 ko sama, narkewar tana faɗuwa fiye da ninki goma. Maƙiyinsa asid ne, da ruwa mai ɗauke da CO2 da yawa, irin wanda ke fafe koguna a cikin farin dutse.

To idan siminti yana aiki, me ya kawo maganar tangaran? Abu biyu. Na ɗaya girma. Idan laka ita ce kashi 30 cikin ɗari na kwaɓin, tan 27 ɗin nan zai zama tan 90, kusan duro 90 a shekara. Na biyu faɗin fuska. Siminti kamar randa yake, ruwa yana tsatsawa cikinsa. Kabonet da ke fuskar kowace ƙwayar gari yana musanya da kabonet ɗin ruwan ƙasa ko da nauyin garin bai ragu ba: na ruwa ya shiga, mai kabon-14 ya fita. Gwajin da ya tsaya ga auna nauyi ba zai ga wannan ba. Garin kalsayit mai ƙwayar maikiron ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, yana da fuska sama da mita murabba'i biyu a kowane giram. Dunƙule mai siffar gwangwani, mai faɗin santimita biyar da tsawon santimita biyar, nauyin giram 266, fuskarsa duka santimita murabba'i 118 ce. Bambancin ya kai ninki 50,000. Wannan ita ce ribar tangaran, amma da sharaɗin ƙofofin cikinsa sun rufe, abin da ba ya faruwa sai matsewar ta kai kashi 92 zuwa 95 cikin ɗari. Ƙasa da haka randa ce har yanzu.

Wahalar ita ce gasa kabonet ba tare da ya saki iskarsa ba. Abin da ake yi wa farin dutse a masana'antun siminti na Kalambaina da Ashaka da Malbaza ke nan, a ƙona shi CO2 ya fita, kuma shi ne ainihin abin da ba a so a nan. Kalsayit yana fara saki tun wajen digiri 600 zuwa 700 a buɗaɗɗiyar iska, a kusan 900 kuwa ya saki gaba ɗaya. Bariyom kabonet ya fi juriya, yana kaiwa wajen 1,300, amma a digiri 811 tsarin ƙwayoyinsa yana sauyawa, girmansa ya motsa, dunƙulen ya tsage wajen hucewa. Maganin tsoho ne. Tun farkon ƙarni na 19 James Hall na Sikotlan ya cusa alli cikin bututun bindiga ya toshe, ya gasa, ya samu abu mai kama da dutsen mabul, saboda iskar ba ta da wurin gudu. Na zamani shi ne matsi da zafi ta kowane ɓangare: a zuba gari cikin gwangwanin ƙarfe marar tsatsa, a ɗumama shi ana zuƙe iska har danshi ya fita, a matse bakin a yi walda, a sa a tukunyar da iskar argon ke dannawa da megafaskal 100, wato kusan tan ɗaya a kan kowane santimita murabba'i. Gwangwanin ya motse ya manne da abin da ke ciki.

Abubuwan da ke ɓata wannan aiki ƙanana ne. Idan ba a wanke garin sosai ba, sodiyom naitiret da ya rage yana narkewa a digiri 308, daga baya ya saki iska a cikin rufaffen gwangwani, sai a buɗe tukunya a tarar gwangwanin bai motse daidai ba, a yanka a ga cikin da ramuka kamar burodi. Idan sodiyom kabonet ya rage, ya fi muni, saboda yana ɗauke da kabon-14 kuma ruwan farko da ya taɓa shi zai tafi da shi. Danshin da ba a kora ba yana yin irin wannan ɓarna. Kalsayit kuma yana da wata ɗabi'a: idan ya yi zafi yana miƙewa ta fuska ɗaya yana tsukewa ta ɗaya, don haka manyan ƙwayoyi da saurin hucewa suna jawo tsaga mai siririn gashi a tsakanin ƙwayoyi. Gari mai laushi da hucewa a hankali su ne magani. Masu bincike a hukumar nukiliya ta Faransa sun gwada haɗaɗɗun kabonet, irin BaCa(CO3)2 da na manganis, don neman wanda zai matsu a zafin da bai kai na sakin iska ba. A Zurich kuma an nuna a 2017 cewa garin kalsiyom kabonet mai matuƙar laushi yana dunƙulewa da ɗan ruwa da matsi mai ƙarfi ba tare da wuta ba. Wannan hanya tana da kyau a ido, amma a ƙananan dunƙule aka nuna ta.

Afatayit

Afatayit shi ne ma'adinin ƙashi da haƙori, kalsiyom fosfet, kuma yana karɓar kabonet a gurbin fosfet ko a gurbin haidiroksil. Ƙashin mutum yana da kabonet kashi huɗu zuwa takwas cikin ɗari. Dutsen fosfet na Sakkwato da na Tawa irin wannan ne, ya riƙe kabonet ɗinsa shekaru miliyoyi a cikin ƙasa. A ruwan da ba asid ba, ya fi kalsayit wuyar narkewa, kuma salfet ba ya damunsa. Amma yana cin wuri ninki shida a kan kalsayit, kuma yawan kabonet ɗin da aka cusa masa, yawan raunin da yake yi. Yana fara sakin kabonet a wajen digiri 600 zuwa 800. Masu yin ƙashin roba suna magance wannan da gasa shi cikin iskar CO2, amma a nan dabarar tana da ƙaya: iskar murhun za ta yi musanya da kabon-14 na cikin garin, ta zama sabon dagwalo da sai an sake wankewa. Sai dai a koma rufaffen gwangwani. Kankirinayit, wani ma'adini mai ramuka kamar saƙar zuma da ke ɗaure kabonet a ciki, matsalarsa ɗaya ce, kabon ɗinsa kashi biyu da ɗigo ne. A ganina waɗannan biyun suna da amfani ne kawai inda rumbun ƙarƙashin ƙasa da za a binne dagwalon ba na siminti ba ne, ruwan wurin yana da salfet, kuma an riga an rage iskar gari har abin ɗaurewar ya zama kaɗan.

Silikon kabayid: mafi ƙarfi, mafi tsadar hanya

Ba kowane kabayid ba ne. Kabayid ɗin masu walda, wanda wasu ke nuna mangwaro da ayaba da shi, kalsiyom kabayid ne, da ya ji ruwa sai ya tafasa ya saki iskar asitilin. Na alminiyom yana sakin iskar gas ta mesen. Waɗannan su ne mafi munin wurin da za a ajiye kabon-14. Silikon kabayid daban yake. Shi ne baƙin dutsen wasa wuƙa da ake ƙerawa a masana'anta, ba ya narkewa a yawancin asid, kuma idan oksijin ya taɓa shi sai ya yi wa kansa fatar silika ta kare na ciki. An yarda da shi a harkar nukiliya: ƙwayoyin makamashin TRISO, irin waɗanda tukunyar Shidaowan ta Sin ke amfani da su, kowace tana da rigarsa mai kaurin maikiron 35.

Matsalar tana hanyar zuwa. Abin da ke hannu CO2 ne, ana kuma bukatar baƙin kabon tsantsa. Ko dai a haɗa CO2 da haidirojin a kan ƙarfe a digiri 500 zuwa 700 a samu kabon da ruwa, wanda kaɗan ne ke juyewa a kowane zagaye sai an yi ta maimaitawa, ko a mayar da shi mesen a kan nikel a digiri 300 zuwa 400, sannan a fasa mesen ɗin a sama da 1,000. A duka biyun, kabon-14 yana yawo a matsayin CO ko mesen, iskokin da soda ba ta kamawa, tare da haidirojin da ke kama wuta da zarar ya kai kashi huɗu cikin ɗari a iska. Kowace mahaɗar bututu wurin yoyo ce. Abin da ke fitowa kuma baƙin gari ne mai tashi kamar kunkunniya, gauraye da ɓurɓushin ƙarfen da aka yi amfani da shi.

Daga nan ma akwai tarko. Hanyar Acheson, wadda ake yin silikon kabayid na kasuwa da ita tun shekarun 1890, yashi ake haɗawa da kabon a sama da digiri 2,000, kuma cikin kowane kabon uku, biyu suna fita a matsayin CO. Wato kashi biyu bisa uku na abin da aka sha wahalar kamawa zai koma bututun hayaƙi. Dole a yi amfani da silikon tsantsa, kilo 2.34 ga kowane kilon kabon, a narka shi a sama da digiri 1,414 cikin argon ko inda aka zuƙe iska, ya tsotsu cikin garin kabon. Haɗuwar tana fitar da zafi da kanta, idan ta yi sauri dunƙulen ya fashe. Idan silikon ya yi kaɗan, kabon zai rage a sake. Idan ya yi yawa, wanda shi aka saba gani, silikon kusan kashi goma yana ragewa a tsakanin ƙwayoyi. In kuma gari aka samu ana son matse shi, sai an kai digiri 2,000 zuwa 2,200 da ɗan boron, ko 1,800 zuwa 1,950 da alumina da itiriya, kuma waɗannan ƙarin su ne ruwa ke fara ci.

Ga abin da ya fi damuna da shi. Rumbunan da ake tsarawa don irin wannan dagwalo, a Ingila da Faransa da sauransu, siminti ne ke kewaye da su. Ruwan siminti mai kaifin alkali ne, kuma alkali yana narka silika, yana cin silikon ɗin da ya rage yana sakin haidirojin. Wato muhallin da ke kare kabonet shi ne ke cire wa silikon kabayid rigarsa. Cin yana tafiya a hankali ƙwarai a sanyin ƙarƙashin ƙasa, wannan gaskiya ne. Amma wane kama kabon ɗin zai fito da shi? A gwaje-gwajen ruwan zafi mai matsi, silikon yana narkewa, kabon kuma ko ya rage a matsayin baƙar fata, ko ya fita a matsayin CO2, CO ko mesen. A rami mai zurfin mita 500 babu oksijin bayan an rufe. Kabonet da ya kuɓuce siminti zai cafke shi. Mesen da ƙananan sinadaran kabon masu narkewa kuwa siminti ba ya riƙe su, suna bin haidirojin ɗin da tsatsar ƙarfe ke samarwa su nemi hanyar sama. Wannan tambaya ta kamannin da kabon-14 ke fita da shi ita ce ginshiƙin aikin binciken CAST da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi daga 2013 zuwa 2018. Abin da ke saki kaɗan amma a matsayin iska zai iya fin illa a kan abin da ke saki da ɗan yawa a matsayin kabonet.

Inda silikon kabayid yake da hujja mai ƙarfi shi ne girafayit, baƙin kabon ɗin da aka gina cikin tsofaffin tukwanen Ingila da Faransa da Rasha da shi, wanda ya kai kimanin tan 250,000 a duniya. A can kabon ɗin tsantsa ne tun farko, ba sai an bi ta haidirojin ba, kuma ana iya tunanin lulluɓe shi ko toshe ƙofofinsa da silikon kabayid. Wannan wani dagwalo ne daban da na bututun hayaƙi.

Akwai mai cewa idan kabon-14 ya rikiɗe ya koma naitirojin zai rusa ginin tangaran daga ciki. A lissafin da ya gabata, ƙwaya ɗaya ce cikin 14,000, kuma a tsawon dubban shekaru. Ba abin da zai sa a fifita wani a kan wani ba ne, sai fa in an tace kabon-14 an tattara shi wuri ɗaya.

Wanne za a ɗauka

Rumbu ne ke zaɓen tangaran. Idan rumbun na siminti ne, kalsayit ya fi dacewa, kuma shi zan ba da shawara. Idan wuri ba matsala ba ne, a kwaɓa shi da siminti mai haɗe da kashin maƙera na masana'antar ƙarfe ko tokar kwal, waɗanda ke rage zafin daskarewa da tsagewa. Idan wuri yana da tsada ko ana son rage musanya da ruwan ƙasa, a matse shi cikin gwangwani, a jera gwangwanayen a duro, a cike tsakaninsu da siminti, kariya biyu ke nan. Masana'antar da ta riga ta ginu a kan bariyom ba sai ta rushe ba, amma kada bariyom kabonet ya rabu da siminti, kuma a lissafa yawan salfet ɗin da zai iske shi. Wanda zai gina sabuwa, ya jure wahalar kunun farar ƙasa ya huta da guba da salfet. Silikon kabayid sai wanda ya cika sharaɗi uku: ya kori iskar gari har kabon ɗin shekara ya koma 'yan kilo, yana da rumbun da ba alkali ba, kuma ya nuna da awo cewa abin da zai yoyo a masana'anta wajen juya CO2 bai fi abin da ake fatan tsarewa a rami ba. Akwai ma masu sakin nasu: La Hague tana fitar da nata ta bututun hayaƙi da ruwan teku a ƙarƙashin iyakar da hukuma ta sa, da hujjar cewa sararin samaniya da kansa yana samar da fiye da terabekerel 1,000 a shekara. Hujjar tana da lissafi a bayanta, amma idan masana'antu suka yawaita ba za ta ɗore ba.

Kafin a amince da kowane samfur, a nemi a ga yadda aka gwada shi. Gwaji a ruwa zalla ba ya nuna komai, sai a ruwan da aka haɗa daidai da na rumbun, da salfet ɗinsa da baikabonet ɗinsa da pH ɗinsa, a rufaffen mazubi marar oksijin. A yi shi da kabon mai alama, kabon-13 ko kabon-14 kaɗan, don a ga musanya. A auna ƙofofin dunƙulen, a yanka shi a duba tsakiya, ba fuska kaɗai ba. Sannan a raba awon gida uku: kabon da ya fito a matsayin kabonet, wanda ya fito a matsayin narkakken sinadari, da wanda ya taru a iskar saman mazubin. Don samun na farko ana zuba asid cikin ruwan gwajin a kama iskar da ta tashi cikin soda. Na biyu sai an ƙone abin da ya rage da sinadari mai ƙarfi a sake kamawa. Na uku kuma a bi da iskar ta cikin soda, sannan ta kan murhu mai kofa oksayid a digiri 700 zuwa 800, sannan ta cikin wata sodar ta biyu, domin mesen yana ratsa ta farko ya wuce ba a gan shi ba.